Babi na Bakwai: Jami'ar Sankore ta Tumbutu, Tarihinta da Tsarin Gininta

7.0 Gabatarwa

Duk mai nazarin tarihin ilimi a ƙasar Hausa ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da sunan Tumbutu. Littattafan da ake karantawa a zaurukan malamanmu, da salon ba da karatu baki da baki, har ma da wasu daga cikin malaman da suka zauna a Kano da Katsina a ƙarni na 15 da na 16, duk suna da jiɓi da wannan birni da ke ƙasar Mali ta yau. A cikin birnin kuwa, babu wurin da ya yi suna ta fuskar ilimi kamar masallacin Sankore da unguwar da ke kewaye da shi, wato wurin da marubuta suka saba kira Jami'ar Sankore.

Wannan babi zai yi tsokaci a kan yadda Sankore ta kafu, da yadda aka gina ta, da yadda ake karatu a cikinta, da kuma abin da ya durƙusar da ita. Ana son ɗalibi ya riƙe abu guda a zuciyarsa yayin da yake karanta babin: ginin Sankore na ƙasa ne, ba ya ɗorewa sai ana sabunta shi duk shekara, haka shi ma karatun da ya ɗaukaka sunanta bai ɗore ba sai da malaman da ke miƙa shi daga wannan zuriya zuwa waccan.

7.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

(a) bayyana dalilan da suka sa Tumbutu ta zama cibiyar ilimi;
(b) kawo tarihin kafuwar masallacin Sankore da sake gina shi;
(c) siffanta ginin ta hanyar amfani da keɓaɓɓun kalmomin gini na Hausa;
(d) bambance tsarin karatun Sankore da na jami'ar zamani;
(e) nuna dangantakar Sankore da ƙasar Hausa.

7.2 Birnin Tumbutu

Tumbutu tana bakin hamadar Sahara ta kudu, 'yan kilomitoci kaɗan arewa da kogin Neja, a daidai inda kogin ya yi gwiwa ya fi kutsawa arewa. Tashar jiragen ruwanta ita ce Kabara. Littafin Tarikhus Sudan, wanda Abdurrahman as-Sa'adi ya rubuta wajen shekarar 1655, ya nuna cewa Abzinawa ne suka kafa garin wajen shekarar 1100 Miladiyya. Da farko zango ne kawai da suke sauka da rani don su kusanci ruwa, daga baya fatake suka mayar da shi mazauni.

Matsayin garin shi ne arzikinsa. A nan ayarin raƙuma da ya keto hamada yake haɗuwa da kwalekwalen da ya biyo kogi. Daga arewa ana kawo gishirin Tagaza da tufafi da dawaki da takarda da littattafai, daga kudu kuma, ta hanyar birnin Jenne, ana kawo zinariya da goro da hatsi da bayi. Inda fatake suka taru kuwa, dole a buƙaci alƙalin da zai raba gardama, da marubucin da zai rubuta yarjejeniya, da malamin da zai raba gado. Wannan buƙata ce ta fara jawo malamai, dukiyar fatauci kuma ta riƙe su.

Garin ya shiga ƙarƙashin daular Mali a ƙarni na 14. Bayan Mansa Musa ya yi aikin hajjinsa na shekarar 1324, ya dawo tare da wani masani ɗan Andalus mai suna Abu Ishaƙ as-Sahili, kuma a zamaninsa ne aka gina babban masallacin Juma'a na Jingarebar, wajen shekarar 1327. Abzinawa sun sake karɓe garin a 1433, sannan Sunni Ali na daular Songhai ya ci shi a 1468. Sunni Ali bai yi jituwa da malaman Sankore ba, har da yawansu suka yi hijira zuwa Walata. Sai da Askiya Muhammadu ya hau mulki a 1493 sannan hankalinsu ya kwanta, kuma daga nan ne zamanin bunƙasar Sankore ya fara sosai, ya ɗauki kimanin shekara ɗari.

7.3 Kafuwar Sankore

Manyan masallatan Tumbutu uku ne: Jingarebar a kudu maso yamma, da Sidi Yahaya a tsakiyar gari, da Sankore a arewa maso gabas. Dukkansu an yi karatu a cikinsu, amma Sankore ce ta fi shahara, domin unguwarta ce mazaunin manyan gidajen malamai 'yan ƙabilar Sanhaja, musamman zuriyar Muhammadu Aƙit da ta Anda Ag Muhammad.

As-Sa'adi ya ruwaito cewa wata mata mai dukiya, mai son aikin alheri, 'yar ƙabilar Aglal, ita ce ta ba da kuɗin gina masallacin. Masana tarihi suna sanya wannan gini na farko tsakanin ƙarni na 14 da farkon na 15. A wasu rubuce-rubucen zamani ɗalibi zai ga an ce an kafa Sankore a shekarar 989. Ya kamata a yi hattara da wannan, tun da yake shi kansa garin, bisa ruwayar as-Sa'adi, bai kafu ba sai bayan wannan lokaci da fiye da shekara ɗari. Malamin makaranta ba ya ɗaukar kwanan wata daga littafi ya kai aji sai ya auna shi da sauran abin da aka sani.

Mutumin da ya ba masallacin fasalin da aka san shi da shi shi ne Alƙali Aƙib ɗan Mahmudu ɗan Umaru, daga gidan Aƙit, wanda ya rasu a 1583. Wannan alƙali ya ɗauki gyaran masallatan garin a matsayin aikinsa. Ya faɗaɗa Jingarebar wajen 1570, sannan tsakanin 1578 da 1582 ya rushe wani sashe na Sankore ya sake gina shi. Littafin Tarikhul Fattash, wanda ake dangantawa da zuriyar Mahmudu Ka'ati, ya kawo labarin cewa da alƙalin ya je hajji ya auna tsawon Ka'aba da faɗinta da igiya, ya dawo da igiyar gida, aka yi amfani da ita wajen fitar da awon ginin. Ko a yau, wannan labari ne mutanen garin suke fara ba baƙo idan sun kai shi farfajiyar masallacin.

7.4 Tsarin Gini

7.4.1 Kayan Gini

An gina Sankore da abin da ƙasar wurin ta iya bayarwa. Na farko shi ne laka, wadda ake kwaɓawa da ciyawa ko ƙaiƙayi, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya shi a rana. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan, domin haka maginanmu suke yin tubalin da suka gina ganuwa da soraye. Na biyu shi ne itace, musamman na goriba da sauran itatuwan da ke jure gara, wanda ake yin rufi da shi kamar yadda ake amfani da azara a ƙasar Hausa. Na uku shi ne wani farin dutse mai taushi da ake haƙowa a kewayen garin, wanda mutanen wurin suke kira alhor. Ana sassaƙa shi a jera a fuskar bango don ya kare shi daga ruwa da iska. Wannan dutse yana daga abin da ya bambanta ginin Tumbutu da na Jenne, inda laka zalla ce. Akwai kuma indararo na yumɓu da aka gasa, wanda ke fitar da ruwan sama nesa da jikin bango.

7.4.2 Fasalin Masallacin

Masallacin ya ƙunshi sassa uku da ido zai fara gani: ɗakin salla, da farfajiya, da hasumiya.

Ɗakin salla yana fuskantar gabas, wato alƙibla, kuma mihirabinsa ya ɓullo ta waje kamar ƙaramar hasumiya mai tsini. Cikinsa cike yake da ginshiƙai masu kauri da aka jera kusa da juna, sahu-sahu. Dalilin haka a fili yake. Itacen da ake samu a bakin hamada gajere ne, ba ya iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce 'yan mitoci, saboda haka dole magini ya matso da ginshiƙai. Sakamakon haka shi ne cikin masallacin ya kasance lunguna dogaye, kowane lungu ya ɗauki sahu ɗaya ko biyu. A nan akwai abin kwatance mai amfani. Maginan Hausa sun fuskanci irin wannan matsala, amma suka ɓullo mata ta wata hanya, wato ɗaura azara kan azara a lanƙwasa ta ta zama baka, kamar bakan gizo da ɗaurin guga, har a sami fili mai faɗi a ƙarƙashin tulluwa. Tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, shi ne fitaccen misalin wannan dabara. Matsala ɗaya ce, amma kowace al'umma da yadda ta warware ta.

Bangayen suna da kauri sosai daga ƙasa, suna sirancewa yayin da suke hawa sama, tagogi kuma 'yan ƙanana ne. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi, don haka cikin ɗakin yana da sanyi da tsakar rana, yana da ɗumi da asuba a lokacin hunturu. Wanda ya taɓa zama a tsohon zaure da bazara ya san wannan ba sai an gaya masa ba.

Farfajiyar tana tsakiyar gini, ba ta da rufi, kuma ita ce ake dangantawa da awon Ka'aba. A nan ake salla idan zafi ya tsananta, a nan kuma malami yake iya zama da ɗalibansa a inuwar bango da hantsi ko da la'asar.

Hasumiyar ita ce alamar Sankore. Tsayinta ya kai kimanin mita 15, gindinta mai kusurwa huɗu ne, tana tsukewa zuwa sama kamar dala. Jikinta duk itatuwa ne suka ɓullo jere-jere, abin da ake kira toron a wannan yanki. Baƙo yakan zaci ado ne kawai, alhali suna da aiki biyu. Suna ɗaure jikin ginin, su rage tsagewar da sauyin zafi da sanyi ke haddasawa, sannan su ne tsanin da magina suke takawa idan za su yi yaɓe. Wato tun ranar da aka aza ginin an san cewa za a riƙa hawa ana gyara shi, aka kuma tanadi hanyar hawan a jikinsa.

7.4.3 Yaɓen Shekara

Ruwan sama kaɗan ne a Tumbutu, amma idan ya zo da ƙarfi yake zuwa, ya wanke fuskar bango. Iskar hamada kuma tana goge ginin da rairayi, tana tara yashi a gindinsa. Saboda haka al'ada ce a yi wa manyan masallatan gari yaɓe na gayya. Liman yakan sanar da jama'a, masu hali su ba da kuɗin laka da itace, a kawo kaya a kan jakuna, ranar aiki kuma matasa su kwaɓa, su miƙa, magina su hau su shafe da hannu. Sana'ar gini a garin ta gado ce, kuma akwai gidajen magina da aka san su da kula da kowane masallaci, kamar yadda muke da Sarkin Magina da jama'arsa.

Yashi ya taɓa yi wa Sankore barazana ƙwarai. A shekarar 1952, lokacin mulkin Faransa, ya taru har sai da aka cire rufin aka ƙara wa bangaye tsayi, aka kuma lulluɓe fuskar gabas da dutsen alhor. Abin da wannan ke nunawa shi ne, ginin da ake gani yau ba lakar zamanin Alƙali Aƙib ce zalla ba. Fasalin ne ya daɗe, lakar kuwa hannuwa da yawa ne suka yi ta sabunta ta sama da shekara ɗari huɗu.

7.5 Tsarin Karatu

Kalmar jami'a da ake liƙa wa Sankore ta yaɗu ne ta hannun marubutan Turai, musamman Bafaranshen nan Félix Dubois, wanda ya ziyarci garin a ƙarshen ƙarni na 19. Kalmar ta dace idan ana nufin zurfin karatun da yawan masanan da suka taru wuri guda. Amma kada ɗalibi ya ɗauka cewa akwai shugaban jami'a, ko tsangayoyi, ko rajista, ko jarrabawar ƙarshen zango. Kowane malami cin gashin kansa yake yi. Yana karantarwa a masallaci, ko a zauren gidansa, ko a inuwa, ɗalibi kuma shi yake zaɓar malamin da zai je wa da littafin da zai karanta.

Yaro yana farawa ne da makarantar allo. Tarikhul Fattash ya ambaci cewa a ƙarni na 16 akwai makarantun allo tsakanin 150 zuwa 180 a garin. Ya kuma kawo labarin wani malami, Ali Takariya, wanda ɗalibansa suka kawo masa wuri biyar-biyar ko goma-goma a wata ranar Laraba, har kuɗin ya kai wuri 1,725. Wannan ita ce al'adar da muka sani da kuɗin Laraba. Amma adadin ɗalibai 25,000 da ake yawan ambatawa a rubuce-rubucen zamani ƙiyasin marubutan baya-bayan nan ne, don haka a ɗauke shi a matsayin ƙiyasi.

Bayan sauke Alƙur'ani sai karatun ilimi. Ɗalibi yakan zauna gaban malami ya karanto nassin Larabci, malami ya gyara masa, ya fassara, ya yi sharhi, har su kai ƙarshen littafin. A fannin fiƙihun Malikiyya ana karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Mudawwana ta Sahnun. A hadisi akwai Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Buhari da Muslim, a tarihin Annabi (SAW) akwai Ashafa ta Alƙali Iyal, a nahawu kuma akwai Alfiyya ta Ibn Malik. Ana kuma karanta tafsiri da tauhidi da balaga da manɗiƙi da hisabi da ilimin taurari. Idan ɗalibi ya ƙware a littafi, malaminsa ya ba shi ijaza, wato izinin karantar da wannan littafi, tare da jerin sunayen malaman da aka karɓo shi daga gare su har zuwa ga mawallafinsa. Darajar shaidar tana ga sunan malamin da ya ba da ita.

Littafi kuwa dukiya ne. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya ziyarci garin a farkon ƙarni na 16, ya kuma ba da labarin cewa ribar da ake samu a cinikin littattafai ta fi ta sauran hajoji. Ana sayo takarda daga arewacin Afirka da Turai, marubuta su kwafe littafi da hannu, a adana shi warwatse cikin tadarishi na fata. Ɗakunan karatu na gidaje ne, ana gadon su kamar yadda ake gadon gona.

7.6 Malaman Sankore da Faɗuwarta

Gidan Aƙit ya riƙe alƙalancin Tumbutu kusan duk ƙarni na 16. Mahmudu ɗan Umaru ya yi alƙalanci daga 1498 zuwa 1548, bayansa 'ya'yansa suka biyo. Sarakunan Songhai suna girmama su, suna yi musu kyauta, har an ruwaito cewa Askiya Dawuda ya ajiye marubuta masu kwafar littattafai yana raba wa malamai. Duk da haka malaman ba su zama 'yan amshin shata ba. An ruwaito cewa Alƙali Mahmudu ya taɓa korar manzannin Askiya Muhammadu daga gari, da sarkin ya tuhume shi sai ya tuna masa cewa shi da kansa ya roƙe shi ya tsaya tsakaninsa da wuta, sarkin kuma ya amince.

Daga cikin malaman da ya kamata mai shirin zama malami ya sani akwai Muhammadu Bagayogo, Bawangare, wanda ya rasu a 1594. Ɗalibinsa Ahmad Baba ya siffanta shi da haƙuri wajen koyarwa, ba ya gajiya da mai nauyin fahimta, yana kuma ba da aron littattafansa masu tsada ga duk wanda ya nema, ko da bai san shi ba. Shi kuwa Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556, ya lazimci wannan malami fiye da shekara goma, ya zama mafi shahara a cikin marubutan garin. Littafinsa Nailul Ibtihaj, wanda ya tattara tarihin malaman Malikiyya, yana daga muhimman hanyoyin da aka san malaman Tumbutu.

A shekarar 1591 Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ke kwaɗayin zinariyar Sudan, ya turo runduna mai bindigogi ƙarƙashin Judar Basha. Suka karya sojojin Songhai a yaƙin Tondibi, suka mamaye Gawo da Tumbutu. Da sababbin masu mulkin suka zargi malamai da zuga jama'a, sai a watan Oktoba na 1593 aka tara su a cikin masallacin Sankore da sunan mubaya'a, aka kama manyansu, aka kashe wasu, aka wawashe gidajensu. A 1594 aka tasa ƙeyar 'yan gidan Aƙit cikin sarƙa aka keta hamada da su zuwa Marakish. Ahmad Baba ya yi asarar littattafai kimanin 1,600, kuma ya ce nasa ɗakin karatun ne mafi ƙanƙanta a cikin danginsa. Bayan an sake shi daga kurkuku ya ci gaba da karantarwa a Marakish, bai dawo gida ba sai 1608, ya rasu a 1627.

Abin lura a nan shi ne, mayaƙan Maroko ba su rushe masallacin ba. Hasumiya tana nan, farfajiya tana nan, ana kuma ci gaba da salla. Karatu ma bai ɗauke gaba ɗaya ba, tun da manyan littattafan tarihin garin a ƙarni na 17 aka rubuta su. Amma Sankore ba ta sake komawa matsayinta na da ba, domin an cire mutanen da ɗalibai suke keto ƙasashe saboda su.

7.7 Dangantakar Sankore da Ƙasar Hausa

Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14, da kuma zuwan Fulani da littattafai daga can a zamanin Sarki Yakubu, a ƙarni na 15. Daga ɓangaren Tumbutu kuma, Ahmad Baba ya rubuta cewa kakansa, Alhaji Ahmadu ɗan Umaru, bayan ya yi hajji a 1485 ya biyo ta Kano ya karantar. Mahlufu al-Balbali ya zauna a Kano da Katsina, shi kuwa Muhammadu at-Tazahti, ɗalibin Alhaji Ahmadu, ya zama alƙalin Katsina har ya rasu wajen 1529. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Muhammadu Rumfa, daga nan ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, kuma littafinsa na manɗiƙi yana cikin abin da Ahmad Baba ya karanta. Ke nan hanyar ilimi tana kaiwa tana komowa.

A cikin fatawarsa ta shekarar 1615, mai suna Mi'irajus Su'ud, Ahmad Baba ya lissafa Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Har ila yau, a Gwandu ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sami kwafin Tarikhus Sudan a 1853, ya kwafi wasu sassansa, ta haka Turai ta fara sanin littafin. Ta fuskar gini kuma, hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ita ma ta ƙasa ce kuma ake dangantawa da karantarwa, tana tuna wa mai kallo cewa masallaci da makaranta abu guda ne a wancan zamani.

7.8 Sankore a Wannan Zamani

Hukumar UNESCO ta sanya masallatan Tumbutu uku da hubbarorin waliyyanta cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Tun 1973 aka buɗe cibiyar adana rubuce-rubucen hannu mai ɗauke da sunan Ahmad Baba, kuma a 2009 ta sami sabon gini daura da masallacin Sankore, da taimakon Afirka ta Kudu.

A shekarar 2012 'yan bindiga suka mamaye arewacin Mali. Sun rushe hubbarori 14, suka ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahaya, sannan a watan Janairu na 2013, da za su fice, suka ƙona ko suka kwashe rubuce-rubuce kimanin 4,000 daga cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan littattafan garin sun tsira ne saboda iyalan da ke riƙe da su da ma'aikatan ɗakunan karatu sun fitar da su a ɓoye cikin akwatuna, ta mota da ta kwalekwale, zuwa Bamako. Maginan garin ne suka sake gina hubbarorin da kayan gargajiya, aka kammala a 2015. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara saboda jagorantar rushe-rushen.

7.9 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda fatauci ya tara malamai a Tumbutu, da yadda masallacin da wata mata ta gina ya zama matattararsu, da yadda Alƙali Aƙib ya sabunta shi. An ga cewa kowane sashe na ginin amsa ce ga wata buƙata: ginshiƙai saboda gajartar itace, kaurin bango saboda zafi, itatuwan jikin hasumiya saboda yaɓe. An kuma ga cewa karatun Sankore ya tsaya ne a kan malami da littafi da ijaza, kuma ya raunana a lokacin da aka kwashe malaman duk da ginin yana tsaye. Mai shirin shiga aji ya tuna cewa abin da Ahmad Baba ya fi yabawa ga malaminsa shi ne haƙuri da ɗalibi da sakin hannu da littafi, kuma waɗannan biyu suna hannun kowane malami, ko a wane irin gini yake koyarwa.

Tambayoyin Bita

1. Kawo dalilai uku da suka sa Tumbutu ta zama cibiyar ilimi.
2. Me ya sa masana suke shakkar cewa an kafa Sankore a shekarar 989?
3. Bayyana amfanin itatuwan da ke jikin hasumiyar Sankore.
4. Kwatanta yadda maginan Tumbutu da na ƙasar Hausa suka magance matsalar gajartar itacen rufi.
5. Mece ce ijaza? Ta yaya ta bambanta da takardar shaidar kwaleji?
6. Tattauna abin da ya faru a Sankore a shekarar 1593 da sakamakonsa.

Aikin Yi

Ziyarci wani tsohon gini na ƙasa a garinku, ko masallaci ko zaure ko ƙofar gari. Tattauna da magini, ka tattaro kalmomin gini guda ashirin tare da ma'anarsu, sannan ka tsara darasin minti arba'in da za ka koyar da su ga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare.